Lafiyar Samari Da 'Yan Mata: Mu Fara Ƙirga Abin Da Ke Hannunmu

 

Maganar da zan yi yau ta shafi ƙannenmu, 'yan shekara 10 zuwa 19. Duk lokacin da aka zauna tsara shirin lafiya dominsu, da lissafin matsaloli ake farawa: shaye-shaye, ƙarancin jini, ciki da ƙuruciya, barin makaranta. Duk gaskiya ne. Amma idan takarda ta nuna ba mu da komai sai ciwo, maganin ma daga waje za a kawo shi, kuma ranar da kuɗin mai bayarwa ya ƙare, shirin ya mutu. Shawarata ita ce mu fara tambayar kanmu: me muke da shi a Birnin Kebbi da Argungu wanda yake aiki tun kafin a zo mana da wani shiri?

Mun taɓa ganin amfanin haka. Lokacin da rigakafin shan inna ya gamu da turjiya a Arewa, sai da aka koma ga sarakuna da hakimai da masu unguwanni kafin ƙofofi su buɗe. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, yana cikin jagororin kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka. Maganin daga waje ya zo, amma amanar da ta sa iyaye suka fito da 'ya'yansu ta gida ce. Da ɗan gari akan ci gari.

To mu ɗauki tsargiya. Yaron da ke kamun kifi ko dashen shinkafa a fadama yana wuni cikin ruwa. Tsutsar cutar tana fitowa daga dodon koɗi, ta ratsa fata, daga baya yaro ya fara fitsarin jini. Har yanzu wasu na ɗaukar hakan alamar balaga, alhali yana rage jini, kuma in an bari yana lalata mafitsara. Maganinta ƙwaya ce da ake rabawa a makarantu. Amma yaron da ke bakin kogi ba ya aji ranar rabo. Wa zai kai gare shi? Argungu tana da Sarkin Ruwa da manyan masunta. Tsarin da ke iya tsayar da dubban mutane a bakin Matan Fada, ba mai shiga ruwa sai an ba da izini, bikin da aka faro a 1934 kuma UNESCO ta amince da shi a 2016, zai iya tara yaran masunta su sha magani.

Ɓangaren 'yan mata ma muna da gado. Nana Asma'u ta horar da jajis, suna shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan taru, mace ta koyar da mace. Malamanmu mata na Islamiyya suna kan wannan turba. Tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin kansar bakin mahaifa kyauta. Uwa za ta fi sauraron malamar da ta sani shekara da shekaru fiye da baƙuwar da ta sauko daga mota. A ba malamar nan horo kan tsaftar al'ada da abinci mai ƙara jini, ai an samu ma'aikaciya a kowace unguwa.

Haka shaye-shaye. An hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙwaya ba ta bar gari ba. Wanda ke fara lura da canjin yaro shi ne kocin ƙwallonsa, ko ubangidansa a gareji ko shagon ɗinki. Sai ɗalibanmu na Kwalejin Waziri Umaru da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, waɗanda ƙannensu ke jin maganarsu.

Kada wani ya ce na ɗauke wa gwamnati nauyi. Sarkin Ruwa ba ya gwajin fitsari, malama ba ta allura. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko. Haƙƙinmu ne mu bibiyi abin da ya iso asibitin mazaɓarmu.

Ga aikin da nake roƙo. Jiharmu tana da mazaɓu 225. Kowane shugaban matasa ya zauna da kwamitin raya mazaɓarsa, a rubuta ƙungiyoyin ƙwallo, Islamiyyu, masu koyar da sana'a, ungozomomi da masu faɗa a ji. A zaman, a sa yaran da kansu, mata da maza, su faɗi wanda suke kai wa kuka in abu ya dame su. Da wannan takarda za mu tunkari duk mai neman ƙuri'armu, mu ce ga abin da muke da shi, me za ka ƙara?

Allah Ya raya mana zuri'a.