SARKI DA MAJALISA: MAGANAR WA ZA A BI?

Dattawa da malamai, manoma da makiyaya, mata da samari na Dogondutse da Tibiri da sauran ƙasar Arewa, muna gaishe ku, muna kuma gode muku da kuka bar ayyukanku kuka halarci wannan taro.

Jawabinmu na yau a kan tambaya guda yake. In sarki ya ce a yi kaza, majalisar da jama'a suka zaɓa kuwa ta ce ba za a yi ba, maganar wa za a bi? Tambaya ce wadda ta ci rayuka a nan Nijar, ta kuma ci kan wani sarki a Ingila. Za mu fara da gida, sa'an nan mu leƙa can.

ABIN DA MUKA GADA

Tun asali sarautar Arewa ba ita kaɗai ke da magana ba. Labarin kaka da kakanni ya ce Gubawa su ne 'yan ƙasa, da Sarauniya a Lugu, da Baura a Bagaji. Wani ɗan sarkin Barno ya auri 'yar Baura, daga zuriyarsa sarakunan Arewa suka fito, waɗanda suka zauna Matankari. Doki da mashi na sarki ne, amma ƙasa da al'adunta suna hannun 'yan ƙasa. A Tibiri kuwa sarautar Samna ce, wadda Samna Karhe ya ɗaukaka a ƙarni na 19 da ya haɗa kai da Kabawa da Zabarmawa suka yaƙi Gwandu. A wannan zamani sarkin da ya matsa wa mutane ya san za su iya kwashe kayansu su koma wani gari, su bar shi da kango.

A watan Afrilu 1899 rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan ta faɗa wa Lugu, Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare ta. Da mulkin Faransa ya kafu, sai sarki ya zama sarkin kanto a ƙarƙashin kumandan. Shi ke tara lanho, shi ke fid da mutanen aikin tilas, har 1946 da aka soke aikin tilas ɗin. Kumandan ke naɗawa, kumandan ke tuɓewa. Saboda haka tsoron sarki ya tashi daga wajen talakawansa ya koma wajen kumandan.

MAJALISA TA ZO, AN KUMA RUFE ƘOFARTA

Dokar Faransa ta 1956 ta ba Nijar gwamnatin cikin gida. Aka yi zaɓe a watan Maris 1957, kujeru 60. Jam'iyyar Jibo Bakari, wadda aka sani da Sawaba, ta sami 41 da taimakon sarakuna da yawa, jam'iyyar PPN-RDA ta Diori Hamani ta sami 19. Amma tafiyar ba ta yi nisa ba. Gwamnatin Jibo ta tuɓe waɗansu sarakunan kanto, sauran suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta.

Ran 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar Janar Digol: a zauna da Faransa, ko a karɓi mulkin kai nan take. Jibo ya ce a'a. Sabon gwamna Kolombani da yawancin sarakuna suka ce i. Masu i suka sami wajen kashi 78 cikin 100 na ƙuri'un da aka jefa. A Oktoba Jibo ya sauka, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a Disamba, Diori ya hau. A Oktoba 1959 aka haramta Sawaba. Da aka sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, jam'iyya guda ce ta rage.

Waɗanda aka rufe wa ƙofar majalisa suka nemi ta bindiga. A Oktoba 1964 mayaƙan Sawaba suka shigo ta kan iyakoki, har da yankin Birnin Ƙonni maƙwabcinmu. Gwamnati ta sa sarakuna su tara mutanen ƙauyuka a farauto su. Aka kashe waɗansu, aka harbe waɗansu a bainar jama'a a Yamai, aka cika gidajen kaso. A Afrilu 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idi, Allah ya tsare shi. Ƙarshen abin, ran 15 ga Afrilu 1974 soja a ƙarƙashin Seni Kunce suka kifar da gwamnati, suka rushe majalisar. Nijar ba ta sake ganin majalisar dokoki ba sai 1989.

Wannan ba yaƙin sarki da majalisa ba ne kai tsaye, gama a Nijar gwamnati ce ta jingina da sarakuna. Amma tushen rigimar guda ne, kuma a Ingila ne aka fi ganinsa a fili.

YADDA AKA YI A INGILA

Sarki Carles na Ɗaya ya hau gado a 1625, yana ganin Allah kaɗai zai tambaye shi. Al'adar Ingila kuwa ita ce ba a aza sabon haraji sai majalisa ta yarda. A 1629 ya sallami majalisa, ya yi shekara 11 bai kira ta ba. Da kuɗi suka yanke masa, sai ya ɗauko wani haraji na jiragen yaƙi wanda a da garuruwan bakin teku ke biya, ya aza wa ƙasa duka. Wani mai gonaki, Jon Hamdin, ya ƙi biyan sule 20. Alƙalai 12 suka zauna, 7 suka ba sarki gaskiya, 5 suka ƙi.

Yaƙi da mutanen Sikotilan ya tilasta masa kiran majalisa a 1640, ita kuwa ta ƙi ba da kuɗi sai an gyara mulki. Ran 4 ga Janairu 1642 sarki da kansa ya zo majalisa da mutane masu makamai domin ya kama wakilai biyar, ya tarar sun zille. A Agusta ya kafa tutar yaƙi a Notingam. Gari ya rabu da gari, wa ya rabu da ƙane. A 1645 sabuwar rundunar majalisa ta karya shi a Nesbi. Ran 30 ga Janairu 1649 aka sare masa kai a Landan. Masu tarihi suna ƙiyasta waɗanda yaƙin da cututtukansa suka kashe a Ingila sun kusa 200,000, a ƙasa mai mutum wajen miliyan 5.

To, jama'a, ku kasa kunne a nan. Majalisa ta ci yaƙi, amma ba ita ta ci moriyarsa ba. Tun Disamba 1648 soja suka tsaya a bakin ƙofa suka hana wakilan da ba sa so shiga. A 1653 Oliba Kuromwel, babban hafsan rundunar majalisa, ya shigo da soja ya kori sauran, ya yi mulki har ya mutu a 1658. A 1660 mutane suka gaji, suka kirawo ɗan sarkin da aka kashe, Carles na Biyu, suka ba shi gadon ubansa.

Rigimar ba ta kwanta ba sai 1689, bayan Sarki Jemis na Biyu ya gudu. Majalisa ta rubuta doka, sabon sarki Wiliyam da matarsa Meri suka yarda da ita: sarki ba zai dakatar da doka ba, ba zai karɓi haraji ba, ba zai ajiye runduna a lokacin lafiya ba, sai da yardar majalisa. Har yau Ingila tana da sarki, tana da majalisa.

ABIN DA ZA MU TAFI DA SHI

Na farko, wanda ya rufe majalisa bai kashe gardama ba, ya dai kore ta zuwa daji. Carles ya gani a 1642, Nijar ta gani a 1964.

Na biyu, bindiga ba ta buɗe majalisa ta koma kube. Wanda ke riƙe da ita shi ke zama. Ingila ta gani a 1653. Mu mun gani a 1974, da 1996, da 1999, da 2010, da 2023.

Ba mu taru domin zagin sarauta ba. Sarakunanmu iyaye ne, su ke sasanta manomi da makiyayi, su suka san iyakar gonar kowa. Sarkin da doka ta shata wa iyaka ya fi kwanciyar rai, gama ba ya zama karen farautar kowa, ba kuma wanda zai tuɓe shi don ya ƙi. Abin da muke nema shi ne abin da kakanninmu suka sani tun zamanin Lugu da Bagaji, watau mai mulki ya san akwai waɗanda sai ya ji ta bakinsu.

Saboda haka in an zo karɓar haraji, ku biya, ku karɓi takarda, ku tambaya cikin ladabi wace doka ta aza shi, ina kuma za a kai shi. Duk ranar da aka kira zaɓe ku fito, kada ku sayar da ƙuri'a da turmin atamfa. In abokin hamayyarku ya ci kujera, ku bar shi ya zauna ya yi magana, domin ƙofar da aka rufe masa yau ita za a rufe muku gobe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.