Carolina Maria de Jesus: lissafin talaka a kan takardun juji



Jawabin yau ya shafi wata mata baƙar fata, ƴar ƙasar Barazil, mai suna Carolina Maria de Jesus. An haife ta ran 14 ga Maris 1914 a garin Sacramento, cikin jihar Minas Gerais, shekara 26 bayan da ƙasar ta hana bauta a 1888. Shekara biyu rak ta yi a lakkol. Da ta girma ta nufi birnin Sao Paulo, ta yi aikatau a gidajen masu hali, daga bisani ta kafa bukka da tsofaffin katakai da kwano a Canindé, unguwar matalauta da ke bakin kogin Tietê. Can ta reni ɗiyanta uku ita kaɗai.

Sana'arta ita ce tsintar takardu da ƙarafa a juji tana sayarwa. In ta ci karo da littafin rubutu wanda bai cika ba, sai ta ajiye shi don kanta. A ciki take rubuta abin da ta samu a yini, da kuɗin burodi, da na wake, da na shinkafa, da na sabulu, da jerin gwanon mata a bakin famfo tun da asuba, da ranakun da tukunya ba ta hau wuta ba. Duk ɗan kasuwa ya san irin wannan lissafi na shiga da fita, kuma duk ma'aikacin da albashi ya ƙare masa kafin wata ya mutu zai gane shi.

A lokacin nan shugaba Juscelino Kubitschek yana gina sabon babban birni, Brasília, wanda aka buɗe ran 21 ga Afirilu 1960. Gwamnati na zancen ci gaba, Carolina kuwa tana rubuta yadda ƴan siyasa ke shigowa unguwa da alkawura in zaɓe ya gabato, su ɓace da zarar an ƙirga ƙuri'u. Doka ma ta hana wanda bai iya karatu ba jefa ƙuri'a, kuma ba a ɗage wannan hani ba sai a 1985.

A 1958 wani ɗan jarida, Audálio Dantas, ya je unguwar neman labari, ya tarar da littattafanta. Ya tace su, aka buga a watan Agusta 1960 da sunan Quarto de Despejo, watau ɗakin zuba tarkace, domin haka ta ɗauki matsayin unguwarta a cikin birni. Bugun farko, kwafi 10,000, ya ƙare cikin ƴan kwanaki, kuma aka fassara littafin cikin harsuna fiye da goma. Ta samu kuɗi, ta koma gidan bulo. Ranar da za ta tashi, wasu maƙwabta suka jefe ta da duwatsu saboda ta sa sunayensu a littafi.

Sai dai farin jinin bai daɗe ba. Littafinta na biyu, Casa de Alvenaria, wanda ya fito a 1961, bai yi kasuwa ba. Masu karatu sun yi marmarin jin labarin yunwa daga bakin mayunwaciya, amma da ta juyo da alƙalaminta kan masu gidajen bulo sai suka kau da kai. Sojoji suka yi juyin mulki a 1964, zancen talauci ya zama abin tsoro. Ta koma Parelheiros, a gefen birni, ta rasu cikin rashi ran 13 ga Fabrairu 1977. Labarin ƙuruciyarta a Faransa aka fara buga shi, a 1982, kafin ya fito a ƙasarta a 1986. Sai a 2021 jami'ar tarayya ta Rio de Janeiro ta ba ta digirin girmamawa, shekara 44 bayan rasuwarta.

Abin lura a nan shi ne, ƙasar ta sayi shaidar, ta yar da mai shaida. Amma rubutu ya fi mai shi tsawon rai. Duk mai son sanin abin da talakan Sao Paulo ya ci, ko ya rasa, a shekarun da ake gina Brasília, dole ya buɗe littafin matar nan mai tsintar takardu, domin ita ce ta rubuta farashin tun daga bakin murhu.