Gilashin Gaban Mota Ba Ado Ba Ne

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka aikin gilashin gaban mota shi ne tare iska da ƙura kawai. Alhali kuwa a motocin zamani yana tallafar rufi idan mota ta wuntsila, kuma jakar iska ta gefen fasinja a kansa takan dogara sa'ad da ta buɗe. Saboda haka idan an sake maka gilashi, kada ka karɓi mota sai ka duba.

Da farko, dubi tambarin da ke kusurwar gilashin. Na Turai yana ɗauke da harafin E cikin da'ira, na Amurka kuwa AS1. Gilashin ƙwarai falle biyu ne da roba a tsakani, dabarar da wani Bafaranshe, Edouard Benedictus, ya yi wa rajista a 1909. In ya fashe, robar nan ce ke riƙe tarwatsin.

Na biyu, zauna a kujerar direba, ka hangi turken lantarki ta cikin gilashin. In ka ga ya lanƙwashe, gilashin zai ruɗi idonka a hanya.

Na uku, tambayi mai aikin yaushe gam zai kama, kada ka tuƙa kafin lokacin. Bayan ya kama, kwarara ruwa a gefuna, ka ga ko zai yoyo. A hanya kuma kasa kunne. In iska tana fito, akwai kafa.

Araha dai ba ta ado, balle a abin da ya shafi rai. A huta lafiya.