Yadda Ruwanda Ta Dawo da Maganar Tazarar Haihuwa Bayan Yaƙi

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwa mambobi, da mazajenmu da suka daure suka zo, sannunku da zuwa. Allah Ya maimaita mana wannan rana ta tunawa da kafa ƙungiyarmu.

Yau zan kai ku wata ƙasa a gabashin Afirka, Ruwanda, domin labarinta ya shafi lafiyar mata, ya kuma shafi ƙungiyoyin gama kai irin tamu.

A shekarar 1994 an yi kisan ƙare dangi a ƙasar. Cikin kwana 100 kacal aka kashe mutane kimanin 800,000, akasarinsu 'yan ƙabilar Tutsi. Asibitoci sun rushe, ma'aikatan lafiya wasu an kashe, wasu sun gudu. To, matar da ta rasa 'ya'ya huɗu ko biyar, wa zai iya duban idonta ya ce ta jinkirta haihuwa? Mutane da yawa burinsu su maye gurbin waɗanda suka rasa. A 1992 matan aure 13 cikin 100 ne ke amfani da hanyoyin zamani na tazarar haihuwa. Zuwa 2000 sun koma 4.

Amma fa mutuwa ba ta tsaya da tsayawar yaƙi ba. Binciken lafiya na shekarar 2000 ya nuna a duk haihuwa 100,000, mata sama da 1,000 ne ke rasuwa ta dalilin ciki ko haihuwa. Mu mata mun san abin da kunika ke yi wa jiki: jini bai gama dawowa ba, ga goyo, ga sabon ciki.

Me gwamnati ta yi? Na farko, shugabanni sun fito fili sun yi maganar, aka sa ta cikin tsarin raya ƙasa, aka ɗaure ta da ceton ran uwa da ɗa.

Na biyu, sun yi la'akari da addinin jama'a. Asibitoci da dama na cocin Katolika ne, kuma ba sa bayar da ƙwaya ko allura. Gwamnati ba ta tilasta musu ba. Sai ta buɗe ƙananan wurare kusa da su, mai so ta je can ta karɓa.

Na uku, kuma nan nake so ku kasa kunne: kowane ƙauye ya zaɓi ma'aikatan lafiyarsa daga cikin mutanensa, mata da namiji, har suka kai kimanin 45,000 a faɗin ƙasar. Bayan yaƙi yarda ta yi ƙaranci, amma mace takan buɗe wa maƙwabciyar da ita da kanta ta zaɓa cikinta. Waɗannan ma'aikata aka koya wa ci gaba da ba mata ƙwaya da allura a ƙauye, ba sai an yi doguwar tafiya ba. Sannan aka haɗa su cikin ƙungiyoyin gama kai. Ladan aikinsu asusun ƙungiya yake shiga, kaso mafi tsoka a juya shi a sana'a kamar noma da kiwo, sauran a raba.

Sakamakon fa? Zuwa 2010 matan aure masu amfani da hanyoyin zamani sun kai 45 cikin 100. Zuwa 2015 mutuwar mata wajen haihuwa ta sauko zuwa kimanin 210. Ba tazara kaɗai ta kawo haka ba, har da inshorar lafiya ta al'umma da haihuwa a asibiti, amma tana da babban kaso.

'Yan uwa, doka a takarda ba ta shiga ɗakin mace. Mace 'yar uwarta ce ke shiga. Mu da muke haɗuwa kowane wata kan adashe da bashi, me zai hana mu riƙa gayyato ma'aikaciyar jinya ta amsa tambayoyinmu? Mazajenmu kuma, shawarar nan ta mutum biyu ce, ku raka mu asibiti ku ji da kunnenku.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a.