Tsakanin Gaggawa da Izinin Iyaye: Jawabi a kan Sababbin Dokokin Lafiya na Makarantun Amurka



An nemi in yi bayani a kan sababbin dokokin lafiya na makarantun ƙasar Amurka. Ni kuwa na ga ya fi amfani in tsaya a wuri guda, watau inda dokoki iri biyu suka yi karo a ƙofar ɗakin nas ta makaranta.

Na farko ya shafi zaman ko-ta-kwana. Ran 2 ga Janairu, 2023, wani ɗan wasan ƙwallon Amurka mai suna Damar Hamlin ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Sinsinati, zuciyarsa ta tsaya. Abin da Allah ya yi sanadin rayuwarsa da shi kuwa shi ne akwai waɗanda suka iya danna ƙirji a kusa, ga kuma na'urar nan mai farfaɗo da zuciya da lantarki. Likitoci sun ce kowane minti da ya wuce ba taimako, damar rayuwa kan ragu da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Saboda haka jihohi da dama suka wajabta wa makarantu su tsara a rubuce wanda zai yi me idan yaro ya faɗi, sa'an nan a Disamba 2024 Shugaba Biden ya sa hannu a kan dokar HEARTS, wadda ta buɗe hanyar tallafa wa makarantu su sayi na'urar, su kuma horar da malamai.

Na biyu ya shafi izinin iyaye. Daga 1 ga Yuli, 2024, jihar Aidaho ta hana a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba magani sai da yardar iyayensa, ta kuma ba su ikon kai ƙara. Tekzas ta bi sahu da dokar makarantu a Satumba 2025. Lalle manufar ba abin raini ba ce. Wane uba ne zai so a ba ɗansa ƙwaya bai sani ba? Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Tsoron shari'a ya sa wasu makarantu suka ƙi ko manna filasta a ciwon yaro sai sun ga takarda da sa hannu, har sai da hukumar ilmi ta Tekzas ta fito ta bayyana cewa irin wannan ƙaramar kulawa ba ta bukatar izini.

Dokar Aidaho dai ta keɓe halin gaggawa, inda ake gudun mutuwa ko lahanin da ba ya gyaruwa. To, a nan gizo ke saƙar. Yaron da zuciyarsa ta tsaya ba a gardama a kansa. Wanda asma ta fara shaƙe shi fa, ko wanda ya bugu a kai yana cewa lafiya lau yake? Nas ce kaɗai za ta yanke hukunci cikin daƙiƙa kaɗan, doka guda na ce mata ta yi sauri, ɗayar na ce mata ta dakata, uwar yaro kuwa tana wurin aiki ba ta ɗauki waya ba.

A ganina laifin yana wuyan masu rubuta dokar, waɗanda ba su zauna da masu aikin jinya ba kafin su ɗauki alƙalami. Da yawa daga cikinku, 'yan'uwana, irin wannan rubutu ne zai zama aikinku a ma'aikatu, shi ya sa na kawo muku labarin filastar Tekzas.