Sautin kunne biyu: yana kawo barci?

 Gaisuwa ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, tare da malamansu. 

Hirarmu ta yau a kan barci take, da wani sauti da ake samu cikin wayar salula. Mai yiwuwa kun riga kun gamu da shi. Masu tallarsa suna cewa: sa abin saurare a kunne, wanda samari ke ce ma ekutar, ka kunna sautin, ka kwanta. Wai barci zai ɗauke ka nan da nan. Wai za ka yi mafarkin da kake so. Wai damuwa za ta tafi, ƙwaƙwalwa ta yi kaifi. Wasu kyauta suke ba da shi, wasu sai an biya. Turawa suna ce mashi binoral. Ma'anar kalmar: kunne biyu.

Kafin ku fid da kuɗinku, ya kamata ku san abin da za ku saya. Cinikin biri a sama ba na mai hankali ba ne. Ku ɗauko allo da alli, don akwai ɗan lissafi cikin hirar.

Mene ne sauti?

Ɗora yatsa a maƙogwaronka, ka ce "aaa". Ka ji yana rawa? Taɓa fatar ganga bayan an buga. Ita ma rawa take yi. Duk sauti girgiza ce. Abu ya girgiza, ya girgiza iska, iska ta kai ma kunne.

Ana iya ƙidaya girgizar. Kun san minti 1 daƙiƙa 60 ne. In abu ya girgiza sau 200 cikin daƙiƙa 1, sai a rubuta 200 Hz. Girgiza kaɗan ita ke ba da murya mai kauri, irin ta tambari. Girgiza mai yawa ita ke ba da siririyar murya, irin ta sarewa. Kunnen yaro mai lafiya yana ji tun daga 20 har 20.000.

In sauti biyu suka yi kusa da juna

Ku lura da makaɗin gurmi ko molo in yana gyaran tsirkiya. In tsirkiya biyu sun kusa daidaita amma da saura kaɗan, sai ka ji sautin yana tashi yana sauka: wuu, wuu, wuu. Haka ma injin niƙa biyu in suna aiki gefe da gefe. Wannan tashi da sauka shi ake ce ma bugu.

Yawan bugun yana da lissafi, kuma ɗebewa ce kawai. Rubuta 204. Rubuta 200 a ƙarƙashi. Ɗebe. Saura 4. To, in tsirkiya ɗaya tana girgiza sau 204, ɗayar sau 200, za ka ji bugu 4 cikin kowace daƙiƙa. A nan cikin iska sautin biyu suka gamu, kafin su iso kunne.

Bugun da ba ya cikin iska

A shekarar 1839 wani masani na ƙasar Jamus, mai suna Heinrich Dove, ya gano wani abin mamaki. In aka raba sautin biyu, aka ba kunnen dama ɗaya, aka ba na hagu ɗayan, ba su gamu cikin iska ba sam, duk da haka mutum yana jin bugun. Ka ba kunnen dama 204, ka ba na hagu 200, za ka ji bugu 4 kamar a tsakiyar kanka. Cire ekutar ɗaya, bugun ya ɓace. Mayar da shi, bugun ya komo.

Wa ya buga? Ƙwaƙwalwarka ce. Ga dalili. Da dare in akuya ta yi kuka, ka san ko ta gabas take ko ta yamma, ko da ba ka gan ta ba. Kukan ya riga isa kunnen da ke kusa da ita, da ɗan lokaci ƙanƙane. A gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, akwai wurin da jijiyoyin kunnuwan biyu suke haɗuwa. Aikinsa kullum shi ne gwada abin da dama ta ji da abin da hagu ta ji. In ka ba shi sauti biyu masu ɗan bambanci, sai ya fid da bambancin, ka ji shi kamar bugu.

Abin yana da iyaka. Sai sautin biyu sun kasance masu ɗan kauri, ƙasa da kamar 1.000. Kuma kada bambancinsu ya wuce kamar 30. In ya wuce, sauti biyu dabam-dabam za ka ji.

An daɗe ba a kula da wannan magana sosai ba. Sai a 1973 wani masanin Amurka, Gerald Oster, ya yi rubutu a kanta cikin wata mujallar kimiyya, mutane suka sake waiwayarta.

To, ku riƙe wannan: bugun gaskiya ne. Ba tsafi ba ne, ba aikin iskoki ba ne. Haka Allah ya halicci kunne da ƙwaƙwalwa.

Ina ruwan wannan da barci?

Ƙwaƙwalwa tana aiki da ƴar wutar lantarki ƙanƙanuwa. A 1924 wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara auna ta a kan mutum. Wutar nan ma tashi take tana sauka, kuma saurinta yana sakewa bisa halin da mutum ke ciki:

Mai aiki, mai tunani: sau 13 zuwa 30 a daƙiƙa.
Mai hutu, ya rufe ido: sau 8 zuwa 13.
Mai gyangyaɗi: sau 4 zuwa 8.
Mai barci mai nauyi: ƙasa da sau 4.

Da wasu suka ga waɗannan lambobi sai suka yi wani tunani. Suka ce: mai rawa kiɗa yake bi. In aka ba mutum bugu 3 a daƙiƙa, watakila ƙwaƙwalwarsa ta bi kiɗan, ta sauka zuwa 3, ya yi barci mai nauyi. Wani Ba'amurke mai aikin rediyo, Robert Monroe, ya ɗauki wannan tunani. Ya kafa wata cibiya a jihar Bajiniya, aka shiga sayar da sautin a kaset. Yau kaset ya wuce, sautin ya koma waya.

Tunanin yana da daɗin ji. Amma daɗin magana dabam, gaskiyarta dabam. Sai an gwada.

Me gwaji ya nuna?

A 2023 wasu masana a Jamus sun tattara bincike 14, waɗanda aka auna wutar ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron bugun. Ga abin da suka samu. Bincike 5 sun nuna ƙwaƙwalwa ta bi bugun. Bincike 8 sun nuna ba ta bi ba. Guda 1 ya faɗa tsakani. Ku haɗa a allonku: 5 da 8 da 1, 14 ke nan. Waɗanda suka ce a'a sun fi yawa.

Akwai kuma ta ɗayan gefen, ba za mu ɓoye maku ba. A 2019 wasu masana a Sifen sun tattara bincike 22. Suka ga bugun yana ɗan taimakawa wajen rage fargaba da jin zafin ciwo. A 2005, a wani gidan likita na Ingila, an kunna ma masu jiran a yi masu aiki wannan sauti. Tsoronsu ya ragu. Waɗanda aka kunna ma kiɗa zalla, ba bugu, su ma tsoronsu ya ragu, ko da yake bai kai na farkon ba. Sai dai yawancin gwaje-gwajen nan da mutane kaɗan aka yi su, kuma kowa da irin sautin da ya yi aiki da shi. Shi ya sa likitoci ba su lissafa shi cikin magungunan rashin barci ba.

Wani zai ce: "Ni na gwada, kuma na yi barci." Ba mu ƙaryata ka ba. Amma duba abin da ka yi. Ka kwanta cikin duhu. Ka rufe ido. Ka bar surutu. Ka toshe kunnenka daga hayaniyar waje. Ga shi kuma ka sa rai za ka yi barci, sa rai kuwa yana kwantar da jiki. Wanda ya yi duk waɗannan, ko ba bugu, barci na kusa da shi. Uwa ba ta da waya sa'ad da take rarrashin jariri, amma yana barci a bayanta.

Maganar mafarki

A 1953 masana biyu a birnin Shikago na Amurka sun lura da wani abu. Akwai lokacin da idon mai barci yake motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsa. In aka ta da shi a lokacin, yawanci sai ya ce mafarki yake yi. Barci hawa-hawa ne: marar nauyi, mai nauyi, sa'an nan na mafarki. Zagaye guda kamar minti 90 ne, kuma ana yin 4 zuwa 6 a dare. Barcin mafarki ya fi tsawo wajen asuba.

Ƙarar waje takan shiga mafarki. Zakara ya yi cara, mai barci ya gan shi cikin mafarkinsa. Wannan sananne ne. Amma babu gwajin da ya tabbatar da cewa bugun kunne biyu zai zaɓa maka mafarkin da za ka yi. Wanda ya ce ka biya shi don ka ga wani mutum ko wani wuri a mafarki, kuɗinka yake so.

Ina haɗarin yake?

Wasu suna sa ma sautin sunayen kayan maye, don su ruɗi samari. Iyaye, ku kwantar da hankalinku a nan: sauti ba ƙwaya ba ne, ba abin da ke shiga jini. Haɗarin yana wasu wurare uku.

Na ɗaya, kunne. Can cikin kunne akwai wasu ƴan gasu ƙanana, su ke karɓar sauti. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma in sun mutu ba su sake tsirowa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda sauraro da ƙarfi. Shawararta: kada ƙarfin sautin waya ya wuce kashi 60 cikin 100. In kana da ekutar a kunne, na kusa da kai ya yi magana ba ka ji ba, rage. Kada ka kwana da shi yana kaɗawa har safe. In kunnenka ya fara ƙugi shi kaɗai, gargaɗi ne.

Na biyu, hanya. Mai tuƙin mota, mai kabu-kabu, mai aiki da inji, kada ya toshe kunnensa da wannan sauti ko waninsa. Mai farfaɗiya kuma ya tambayi likita tukuna.

Na uku, jinkiri, kuma shi ya fi muni. Rashin barci sau da yawa ɗan aike ne, wani ciwo ya aiko shi. Yana iya zama ciwon jiki. Yana iya zama baƙin ciki da ya daɗe a zuci. Yana iya zama ƙwayoyi irin su taramol. Akwai kuma mai minshari da numfashinsa ke tsayawa cikin dare, ya wuni yana gyangyaɗi. Wanda ya kasa barci dare 3 a mako, har wata 3, likitoci suna ɗaukar abin ciwo ne mai bukatar magani. Kada ka jira ya kai haka. In ka zauna kana sauraron waya wata da watanni, ciwon yana can yana girma. Tafi likita, ka faɗi abin da ke damunka.

Abin da ke kawo barci, ba ko dala

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Ga abin da zai taimake ka:

Ka tsai da lokacin kwanciya da na tashi, kullum iri ɗaya.

Ka lura da shayi, da goro, da kafe. Akwai wani sinadari cikinsu mai korar barci. Bayan kamar awa 5, rabinsa yana nan cikin jini. Wanda ya sha shayi mai ƙarfi a fada bayan isha'i, ya zo yana neman barci a waya, ya bar jaki yana dukan taiki. In barci na ba ka wuya, ka tsaya da su tun la'asar.

Ka aje waya kafin ka kwanta. Haskenta da labarunta suna hana ido rufuwa.

Ka ɗaura gidan sauro, wato sange. Sauro na hana barci, ga zazzaɓi.

In barcin rana za ka yi, ya zama gajere.

Bayan haka, in kana son sauraron bugun kunne biyu, a hankali, na ɗan lokaci, kuma kyauta, ba laifi. Ka ɗauke shi kamar kiɗa mai sanyi. Kada ka ɗauke shi magani, kada ka biya shi kuɗin magani.

Tambayoyi don cibiyarku

Malam ya karanta, ɗalibai su yi shawara, kowa ya rubuta amsarsa:

1. Kunnen dama ya sami 310, na hagu 300. Bugu nawa mutum zai ji a daƙiƙa?
2. Cikin bincike 14 na 2023, nawa ne suka nuna ƙwaƙwalwa ba ta bi bugun ba?
3. Mutum ya kwanta ƙarfe 10 na dare, ya tashi ƙarfe 5 na asuba. Awa nawa ya samu? Sun isa?
4. A garinku, me ya fi hana mutane barci? Me za ku iya gyarawa da kanku?

Wanda ya koyi abu yau, ya gaya ma wanda bai zo ba. A nan za mu dakata. Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu barci mai daɗi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.