Lalle: Halittarsa, Nomansa da Makomarsa



Itacen da zan yi magana a kansa yau ba baƙo ba ne ga kowa a cikinmu. Da wuya a ɗaura aure a ƙasar Hausa ba a sa amarya a lalle ba. Amma da za a tambayi masu ƙunshin nan yadda furen lalle yake, ko abin da ke sa ganyensa kore ya ba da ja, kaɗan ne za su amsa. Wannan rashin sani kuwa ya soma jawo mana hasara.

Masana tsire-tsire suna kiran lalle Lawsonia inermis. Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, shi ya raɗa masa sunan a shekarar 1753, don girmama abokinsa, wani likita mai suna Isaac Lawson. Kalmar inermis ma'anarta marar ƙaya. Sai dai ƙaramin lalle ne ba shi da ƙaya. In ya tsufa, bakin rassansa yakan ƙeƙashe ya yi tsini. Wannan ya sa a dā aka ɗauka iri biyu ne, alhali kuwa itace guda ne, shekaru suka bambanta shi. A lissafin masana na yanzu danginsa ɗaya da rumman.

Tsawonsa yakan kai ƙafa 6 zuwa 20. Ganyayensa ƙanana ne, suna fitowa biyu biyu suna fuskantar juna. Furensa fari ne, wani lokaci da ɗan ja-ja, yana fitowa cunkus a ƙarshen reshe, ga ƙamshi, har a Indiya ana yin turare da shi. 'Ya'yansa ƙanana ne, kewayayyu, kowane ɗaya cike da ƙwayoyin iri masu yawa.

To, ina jan yake fitowa? A cikin ganyen akwai wani sinadari da ake kira lawson. In an daka ganye aka kwaɓa, musamman da ɗan tsami kamar na lemo, sai sinadarin ya fito ya kama wani abu da ke cikin fata da farce da gashi, mai suna keratin. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi kauri, shi ya sa lalle ya fi kamawa a nan. Launin yakan ƙara duhu cikin kwana biyu, sa'an nan ya kode sannu a hankali yayin da tsohuwar fata ke saɓulewa. Na farce kuwa sai farcen ya girma an yanke.

Game da noma, lalle itacen zafi ne mai jure fari, ba ya son sanyi, watau yanayin ƙasarmu ya dace da shi. Ana iya shuka irinsa, amma ɓawon irin yana da tauri, sai an jiƙa shi na 'yan kwanaki ana sauya ruwan, a yi reno, a dasa in damina ta kankama. Hanya mafi sauƙi ita ce a sari reshe a kafa. In ya yi ƙarfi sai a yanke rassan, a shanya a inuwa don kada ganyen ya kode, a kakkaɓe a daka. Kututturen zai sake toho, ya shekara da shekaru ana amfana, ga shi kuma yana yin shinge. Garin Sojat na jihar Rajasthan a Indiya, wuri mai ƙarancin ruwa, da lalle ya yi suna, har a shekarar 2021 hukuma ta yi wa sunan lallensa rajista don kada wani ya yi sojan gona da shi.

Yanzu ga abin da ya kamata mu kula da shi. Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi. Abin da ake kira baƙin lalle, sau da yawa an gauraya shi da sinadarin rina gashi mai suna PPD, wanda yakan sa fata ta kumbura, ta yi bororo, ta bar tabo. Wanda jikinsa ya taɓa ƙinsa kuwa, yana iya ƙinsa har iyakar rayuwarsa. Bugu da ƙari, ko lallen gaskiya bai kamata a shafa wa jarirai ba, domin akwai wata larurar jini ta gado, ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma. Ga mai ita, lalle yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini ya kawo shawara.

Saboda haka ina kira ga malaman gona su sa lalle cikin itatuwan da ake renawa ana raba wa manoma, ma'aikatan lafiya su faɗakar da uwaye a wurin awo, masu kula da kasuwa su binciki abin da ke cikin ƙullin da ake sayar wa mata. Ku kuma ɗalibai, ku auna ƙarfin lallen garuruwanku, ku gano wanda ya fi, ku rubuta. Abin da ke tsirowa a bayan gidanmu bai kamata mu jira wasu su niƙa su sayar mana ba.